Littafin da Aka Ba Bulus

A layinmu na unguwar Nasim, nan Riyad, an san ni da shiru. Tsohon direban gidan kan kwana, mai furfura, ba ya shiga sabgar kowa. Iyakar abin da suka sani ke nan. Ni da na san cikina, na san ni mutum ne mai kishi, kuma tsufa bai rage mini ko ƙwaya ɗaya ba. Idan aka kira sallar la'asar nakan zauna a ƙofar ɗan ɗakina da ke manne da get, in ga direbobi da masu gadi da masu gidajen kansu suna fitowa, kowa na jan silifa, hannu a jiƙe, su nufi masallacin ƙarshen layi. Ba addininsu nake wa ƙyashi ba, ina da nawa, ni Kirista ne ɗan Metodis tun daga mahaifina. Abin da ke ci mini rai shi ne suna da inda za su tafi da ƙafarsu, su tsaya kafaɗa da kafaɗa, wani ya ɗaga murya a gaba su bi shi. Ni kuwa Lahadi ranar aiki ce a nan, takan zo ta wuce ina riƙe da sitiyari. Na san haka ƙasar take tun kafin in zo, ba wanda ya ruɗe ni, amma sanin bai hana abin yi mini ciwo ba.

Hoto ne ya fama mini tsohon miki. Saratu ce ta turo mini ta waya, 'yar Bulus abokin tasowata, wanda duk wannan labarin a kansa yake. Hoton majami'ar ƙauyenmu ne an kware mata kwano, azara a waje, bangon ƙasa tsirara, a gefenta kuma ga sabon ginin bulo har ya kai taga. A ƙarƙashi ta rubuta cewa matasan ikilisiya suna tattara tarihin cocin kafin a rushe tsohon ginin, duk dattijon da ya tuna wani abu ya taimaka ya faɗa. Na daɗe ina buɗe hoton nan da yatsu biyu ina dubawa. Na gane tagar da nake zama kusa da ita. Na gane inda bangon ya ɗan karkace, gefen da 'yan unguwar gangare suka gina, don su dama can komai nasu da gaggawa suke yinsa.

Tarihi wai! In dai tarihin ne ai ba shi da wani tsawo. Ƙauyenmu yana gindin dutse, yini guda a ƙafa daga kogin Binuwai. Wani mai bishara ne ya fara zuwa, baƙin mutum irinmu, a kan tsohon keke da yake taka wa birki da diddige. Ya zauna a gindin tsamiya yana koya wa yara karatu, da yamma kuma ya yi wa manya magana. Mutum shida suka fara bi, mahaifina na cikinsu, a kan haka kakana ya yi damina guda bai sa hannu a kwano ɗaya da shi ba. Daga tsamiya suka koma rumfar zana, iska ta kwashe ta har sau biyu, sai suka ce to a yi gini. Ina ƙarami a lokacin, amma har yanzu ina jin sanyin laka a tsakanin yatsun ƙafata. Maza na kwaɓa ƙasa da ciyawa, mata na jido ruwa daga rafi, mu yara aikinmu tattakawa. Ranar ɗora jinka har maƙwabtanmu Musulmi da masu bin gargajiya sun zo, don a garinmu ba a barin mutum ya ɗaga rufi shi kaɗai, ko ɗakin mene ne. Kwano ya zo ne daga baya, bayan shekaru. Kujeru babu, dakali aka yi na ƙasa layi-layi, maza dama mata hagu. Kowace shekara kafin Kirsimati mata za su taru su yi daɓe da makuba, suna bugawa suna waƙa, har ƙasan ya yi ja ya yi sheƙi. Har yau in mai wankin mota ya jiƙa gefen titi ƙamshin ƙasa ya taso, sai in ji kamar safiyar Lahadi ce.

Ƙararrawarmu ƙarfen ƙafar babbar mota ne, a rataye a reshen tsamiyar nan. In aka dake shi da guduma har mutanen da ke gonakin bayan dutse suna ji. Fasto kuwa ba namu ne mu kaɗai ba, haka tsarin Metodis yake, fasto ɗaya ƙauyuka da yawa, yana zagayawa. Sai mu yi wata biyu, uku ba mu sa shi a ido ba, in damina ta kankama rafi ya kawo sai bayan kaka. Ranar da ya zo a yi komai a haɗe, baftisma da jibin Ubangiji da ɗaurin aure, a yanka masa zakara, ya hau kekensa ya yi gaba. Sauran lokaci dattawa ke riƙe da mu. Ran Laraba da yamma kowane aji, wato rukunin 'yan coci, ya taru a gidan shugabansa, a bi mutane ɗaya bayan ɗaya a tambaye su yadda suka yi da Ubangiji a makon, wanda ya yi faɗa da matarsa ba shi da wurin ɓuya. Wa'azin dattawan nan, Allah ya gafarta mini, yawancinsa gyangyaɗi yake sa mu. Abin da ya riƙe cocin har ya kawo yau waƙa ce.

Littafin waƙoƙi guda ɗaya ne tak a duk garin, mai bisharar nan ya bar shi. An ɗinka masa riga da fatar akuya, ta yi baƙi ƙirin saboda gumin hannu. Wanda ke riƙe da shi shi ne mai ba da waƙa: ya rera layi, jama'a su amsa, tunda yawancinsu ba su karatu. Matan zumunta na gefe da tulunansu na kiɗa da caki. A zamaninmu wani gajeren dattijo ne ke riƙe da littafin, Baba Mai Waƙa, haka kowa ke kiransa har ainihin sunansa ya ɓace. Kafin ya ba da waƙa sai ya karkata kai wajen ɓangaren mata ya yi tsit, in an matsa masa ya ce, “Ku bari tsofaffi su gama tari tukuna.” Mu yara muna kwaikwayonsa a bayan coci muna faɗuwa don dariya.

A shafukan ƙarshe na littafin akwai wata waƙa da aka rubuta da fensir, ba ta cikin na bugu. Mutum shidan farko ne suka ƙaga ta, rabi da Hausa rabi da yarenmu. Waƙar rakiya muke ce mata, da ita ake raka mamaci daga ƙofar coci zuwa maƙabarta. Baiti bakwai ce, an auna ta daidai da takun masu ɗauke da makara, yadda baiti na bakwai zai ƙare a bakin kabari. Maganarta ba ta da wuya, tana cewa ne rana ta yi, a ajiye fartanya, Mai gona yana kira. Sai dai tana da ƙa'ida: ba a rera ta a cikin gari sai da gawa a gaba. Ko yaro aka ji yana gunguninta sai ya sha duka, wai yana kira wa gidansu mutuwa. Saboda haka jama'a amshi kawai suka sani. Baitocin da yadda ake juya su, mai ba da waƙa ne ke koya wa wanda zai gaje shi, can a gona mai nisa inda ba kunnen da zai ji.

Mu biyu Baba ya zaɓa yake tafiya da mu gonarsa, ni da Bulus. Sa'o'in juna ne mu, rana ɗaya aka yi mana baftisma a rafi. Amma maganar murya, haba, ba a ma haɗa mu. Ni in na buɗe baki a bakin rafi 'yan mata sai su ajiye tulu. Bulus kuwa muryarsa kamar ana jan zarto a ɗanyen icce. Ga shi da nauyin kai, baitin da zan riƙe a yini ɗaya sai ya yi mako yana tuntuɓe a kansa. Mukan yi noma har rana ta take, sannan mu zauna a gindin kanya Baba ya ba mu baiti, muna cin gyaɗa ɗanya. Ni duk a zatona Bulus rakiya yake yi mini. Har tausayinsa nake ji, ina ce masa kada ya damu, in na karɓi littafin shi zai riƙa ɗauko mini shi daga gida.

Shekarar da ƙirji ya fara damun Baba, ran godiyar kaka, ya miƙe a gaban jama'a ya ce yau yaransa biyu za su ba da waƙa, kowa guda. Cocin ya cika maƙil, dammunan dawa a jingine da bango, kabewa da doya a gaban bagadi, kaji a ɗaure suna ta kuka. Na sha guga da dutsen gawayi tun jajibiri. Ni aka fara kira. Na karɓi littafin, fatar nan da ɗumi a hannuna, ban jira komai ba na ɗauko waƙar daga can sama, inda muryata ta fi zaƙi. Kai, ranar na yi waƙa! Layin farko ya fita garau har ni kaina tsigar jikina ta tashi. Da amshi ya zo, 'yan mata suka biyo ni, maza suka yi ƙoƙari suka koma gurnani, tsofaffin mata suka miƙa wuya murya ta tsinke musu. A baiti na biyu masu amshi suka ragu. A na uku mai buga tulu ta ɗora hannu a bakin tulunta ta tsaya. Na hango mahaifiyata baki a rufe tana kallon cinyarta. Ni kuwa wawan Allah, na ɗauka daɗi ne ya sa suka yi shiru suna saurare, sai na ƙara hawa. Na gama ni da 'yan mata uku, na zauna ina ji da kaina.

Bulus ya tashi ya karɓi littafin. Sai ya karkata kai wajen mata ya yi shiru, yara suka fara ƙyalƙyala dariya. Ya jira, ya jira, sannan ya ɗauko waƙarsa daga ƙasa, da wannan muryar tasa ta zarto. Abin da ya biyo baya ban taɓa mantawa da shi ba. Gaba ɗaya cocin ya ɗauka lokaci guda, maza da mata, har wata makauniyar tsohuwa da ake kawowa a goye. Tuluna suka tashi, kwano na amsawa a sama, ƙura na tashi daga daɓe. Muryar Bulus ma ba a jinta, ta nutse a cikin jama'a. Na dubi mahaifiyata, ga ta ido a rufe tana rerawa da dukan ƙarfinta.

Bayan an tashi, a gindin tsamiya, a gaban dattawa, Baba ya ɗora littafin a hannun Bulus ya yi masa addu'a. Na bari mutane suka watse na tare shi a hanya.

Na ce, “Baba, kai ma ka san na fi shi murya.”

Ya ce, “Na sani, ɗana. Duk garin nan wa bai sani ba?”

“To me na yi?”

“Mutum nawa suka rera tare da kai?”

Ya dafa kafaɗata, don sai ya ɗaga hannu kafin ya kai, ya ce, “Da nake karkata kai kuna yi mini dariya, me kake tsammani nake saurare? Tarin tsofaffin nan nake saurare. Daga tarin tsohuwa nake gane inda muryarta ta kwana, a nan nake ajiye waƙar don ta iya ɗauka. Bulus ya lura, kai ba ka lura ba. Ka zauna ka riƙa taya shi, ba inda aka ce mutum biyu ba za su riƙe waƙa ba.”

In taya Bulus? Ni? Kafin ruwan farko ya sauka na bi wata motar doya zuwa Jalingo. Daga nan Kano, na koyi tuƙi, na yi shekaru a kan hanya, har wani ejan ya samo mini biza na zo nan. Gida ɗaya nake tun zuwana. Yaran da na riƙa kaiwa makaranta sun yi aure, 'yan matan gidan yanzu kowace da motarta tana tuƙa kanta, ni an bar ni ne saboda tsohuwar gidan, Mama, da ta ce ba ta shiga motar kowa sai tawa. Iyalina suna Jalingo, cocin birni suke zuwa. Ijaza, wato hutun zuwa gida, sai bayan shekara biyu, in na je nakan leƙa ƙauye ran Talata in bar shi ran Juma'a. Mutane suna cewa sauri ne irin na 'yan Saudiyya. Ba sauri ba ne, ba na son Lahadi ta same ni a can in ga littafin nan a hannunsa. In mun haɗu da Bulus ya rungume ni, ya aiko mini da zuma da gyaɗa, ya ce yaushe zan zo in ba su waƙa ko guda. Wannan kirkin nasa ma haushi yake ba ni.

Mahaifina ya rasu ina nan, Bulus ya raka shi. Mahaifiyata ta rasu ina nan, Bulus ya raka ta. Ƙanwata ta bugo mini tana cewa, “Yaya, da ka ga Bulus. Hawaye na zuba amma bai saki baiti ko ɗaya ba, ya kai Inna har bakin kabari.” Mutumin kirki godiya zai yi. Ni ma na ce ta yi masa godiya, amma da na kashe wayar abin da ke cikina ba godiya ba ce. Uwata ce, ni na fi shi sanin waƙar, shi ya yi mata. Na zauna a mota a ƙofar wani asibiti ina jiran Mama, na rera baitocin bakwai a zuciyata ba tare da na buɗe baki ba, ina gyara wuraren da na san zai yi tuntuɓe.

Yanzu kuwa ai komai ya canza. Ana turo mini bidiyon sujadarsu ina gani: janareta na ruri a waje, lasifika biyu kowace ta kai tsawon mutum, yaro na dannar kibod, 'yan kwaya da riguna iri ɗaya kowa da makirfo. Kowa da littafinsa, wasu ma a waya suke karantawa. Ƙararrawa an sayo ta gaske. Tsofaffi na zaune a kujerun roba suna tafi, bakinsu ba ya motsi, don ba wanda ya jira tarinsu. Nakan yi tsaki in ce sun ɓata abu. Amma kada in yi muku ƙarya, su ma kishi nake yi da su, don duk hayaniyarsu a gida suke yinta, da rana tsaka, ƙofa a buɗe. Abu ɗaya ne lasifika ba ta karɓe ba. In aka yi mutuwa, kibod ba ya bin makara zuwa bayan dutse, sai a nemo Bulus da tsohon littafinsa.

Bayan hoton nan da kwana biyu Saratu ta kira ni. Ta gaishe ni da ladabi, sannan ta ce, “Baba, ban gaya maka ba, jikin babanmu ya shanye ɓari guda tun watan jiya. Yana gane mutane, amma harshe ya yi nauyi, ba ya iya haɗa magana.” Ta ce saurayin da ya koya wa waƙar rakiya ya tafi Fatakwal shekaru da yawa, ba a jin ɗuriyarsa. Fensirin da ke bayan littafin ya koɗe, kalmomi kaɗan ake iya gani, kuma ko an gani, rubutu ba ya nuna yadda ake juya murya. An yi jana'iza biyu ba waƙar. “Duk duniya kai kaɗai ka rage, Baba. Don Allah ka rera mana a waya ka turo, mu koya, mu sa a tarihin.”

Kun san me na ji? Daɗi na ji, Allah ya yafe mini. Ashe dai za a neme ni. Sai na gyara murya na ce, “'Yata, ke yarinya ce. Wannan waƙar ba a rera ta sai da gawa a gaba. Kina so in kira wa babanki mutuwa ne?” Ta ce a'a, ta ba ni haƙuri, har tana neman gafara.

Ran Juma'a nake samun hutun rabin yini, nakan je unguwar Jaradiyya wurin Malam Idi, wani tela mutumin Jalingo, mu ci tuwo da miyar kuka. Shi Musulmi ne, shekarunmu da yawa tare, ya san labarin littafin nan har ya gaji da ji. Na ba shi labarin abin da na gaya wa Saratu, ina jira ya ce na kyauta da na riƙe al'ada. Ya ci gaba da cin tuwonsa, can ya ce, “Dattijo, ba kai ka ce mini a cikin gari ne ba a rera ta ba, a gona mai nisa ake koyarwa?”

Na ce haka ne.

“To nan garinku ne? Akwai gonar da ta kai Riyad nisa?” Ya lashe yatsa ya dube ni. “Kai dai faɗi gaskiya tsakaninka da Allah. Al'ada ce ta hana ka, ko baƙin ciki?”

Na wanke hannu na bar masa tuwonsa. Gaskiyar da ban gaya masa ba ita ce, so nake Bulus da bakinsa ya roƙe ni. So nake ya ce, ɗan'uwa, ka fi ni, taimaka. Mutumin da harshensa ya mutu nake jira ya yi magana. Kullum in ce gobe zan tura, goben ta zo in ce bari dai a ƙara kira. Haka mako uku ya wuce.

Wata rana Mama ta aike ni kasuwar Utaiƙa sayen tumatir da dabino da lemo. Na gama lodi a but ɗin mota ke nan, dab da azahar, waya ta yi ƙara. Saratu ce. Kafin ta yi magana na ji ƙararrawa a bayanta ana bugawa ɗaya-ɗaya, bugun da ake yi wa mamaci.

“Baba, babanmu ya tafi jiya da yamma. Mun fito da shi, muna ƙofar tsohon coci. Masu makara sun ɗauka, mata sun tsaya, sun ce ba za su taka ba. Shi ya raka kowa a garin nan, Baba. Yanzu ga gawa a gaba.”

Aka kira salla, 'yan dako da masu rumfuna suka yi ta wucewa ta gefen motata. Na shiga na rufe ƙofa, na ɗaga gilasai. Na ce ta ƙara wa wayar murya ta ɗaga ta sama. Na buɗe baki, ba abin da ya fito. Shekara nawa rabon da in rera waƙa da ƙarfi? Muryar da nake tinƙaho da ita ta tafi tuntuni ban sani ba, sanyin na'ura da shiru sun cinye ta. Abin da ya fito a karo na biyu wata gwaurar murya ce mai kaushi, ta tsoho. Da ita na ba da layin farko. Aka yi ɗan shiru, saboda nisa, har na zaci layin ya yanke. Sai amshi ya taso ta cikin 'yar wayar nan, mata da maza, har tana rawa a hannuna. Na ji takun ƙafafu ya fara. Na ba da baiti na biyu, suka amsa. Ina jin tsakuwar hanyar bayan dutse a ƙarƙashin takalmansu, na san daidai inda suke, ga gangaren rafi, ga gindin kanya. A baiti na biyar kuka ya ci ƙarfina, suka maimaita amshi har sau uku suna jirana, ba wanda ya gaya musu su yi haka. Na bakwai ya ƙare, na ji an ce, “A sauke a hankali.”

Abin da na nema tun ina saurayi na samu, dukan garin sun amsa mini. Amma a mota nake, a filin ajiye motoci, da kwandon tumatir a baya. Bulus kuwa ga shi can an kwantar da shi kusa da Baba Mai Waƙa, taku kaɗan daga uwata da ubana. Ko a ranar nan sai da na yi kishi da shi. Kuma da na tura waƙar nan mako uku da suka wuce, da ya ji ta da kunnensa ya san ba ta mutu ba. Wannan kam ba wanda zan ɗora wa sai kaina.

Bayan kwana uku Saratu ta sake kira. Ta ce dattawan ikilisiya sun zauna, sun ce littafin nawa ne. Za a naɗe shi a sa a akwatin coci, a ajiye mini har ranar da zan dawo. Na dubi ɗakina, katifa da 'yar hita da jakar da ke saman kwaba. Iƙamata, takardar izinin zama, da saura, Mama ba ta shiga motar kowa, ni kaina ban san ranar dawowata ba. Mutuwa kuma ba za ta jira ijazata ba.

Na ce, “Ki gaya musu na gode, amma kada su ajiye. Su ba wanda zai kwana a garin ran Asabar ya tashi a garin ran Lahadi.”

“Ba kowa, Baba. Samarin duk kibod suke so. Ni kaɗai ce na riƙe baiti uku a ranar, ni kuwa mace ce.”

“Mace ba ta da maƙogwaro ne? Gobe ki tafi gona mai nisa, inda akwai sabis, ki kira ni.”

Wata guda muka yi, ita a gindin kanya ni a mota. Dattawa sun ɗan yi gardama, daga baya suka sakar mata. Lahadin ƙarshe kafin a rushe tsohon ginin suka kashe janareta, suka yi sujada a cikinsa ba rufi, aka turo mini bidiyon. Ga Saratu a tsaye a gaba, tsofaffi na amsa mata, bakin kowa na motsi. Muryarta ba ta kai tawa ta da ba ko kusa, na gaya wa Malam Idi haka, ya yi dariya har da riƙe ciki. Ni na ce a ba ta, kuma ko yau aka sake tambayata abin da zan ce ke nan. Amma da mai ɗaukar hoton ya matso na ga yatsunta a kan baƙar fatar nan, sai da na kife wayar a kan katifa.